Tarihin Dokar Fyaɗe A Nijeriya: Daga Wa'adin Wata Biyu Zuwa Yau

'Yan'uwa mazauna Agege da kewaye. Da yawanmu ba mu san cewa dokar da ke kanmu a nan kudu dabam take da ta gida ba, alhali kuwa ita ce za ta yi wa 'ya'yanmu shari'a in wani ya cuce su.

Asalin abin shi ne, a 1904 Gwamna Lugga ya kafa kundin laifuffuka a Arewa, wanda aka kwaikwayo daga na jihar Kwinslan ta Ostareliya. Bayan an haɗe kudu da arewa a 1914, sai aka shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya a 1916. Zamanin Sardauna kuwa, Arewa ta yi nata, watau Final Kot, wanda aka ɗauko tsarinsa daga Sudan, ya fara aiki a 1960. Kudu ta ci gaba da tsohon.

To, wannan tsohon kundi ya ce fyaɗe shi ne saduwa da mace ba da yardarta ba, ko da yardar da aka samu ta hanyar ƙarfi ko tsoratarwa ko yaudara, hukuncinsa kuma ɗaurin rai da rai. A takarda abin da kyau. Amma sashe na 218, mai magana kan lalata yarinyar da ba ta kai shekara 13 ba, ya ce dole a shigar da ƙara cikin wata biyu, kuma shaidar mutum ɗaya ba ta isa sai an sami abin da ya ƙarfafa ta. Jama'a, ku duba fa. Kafin uwa ta gane, uba ya gama jin kunya, dattawa su gama kai-komon sulhu, ai wata biyu ta wuce, mugu ya sha. Yaro namiji kuwa, ma'anar fyaɗe ba ta ma ambace shi ba.

Gyara ya zo sannu a hankali. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, saduwa da shi kuma ɗaurin rai da rai ne. Jihar Legas ta yi sabon kundinta a 2011. A 2015 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar VAPP, wadda ta ce namiji ma ana yi masa fyaɗe, kuma yardar da aka samu bayan an gusar da hankalin mutum da ƙwaya ba yarda ba ce. Ta sa mafi ƙarancin ɗauri shekara 12, na taron dangi shekara 20, ga diyya, ga rajistar sunayen masu laifin. Abuja ta shafa, jihohi suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, musamman bayan gwamnoni sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a 2020.

Doka dai ta gyaru, saura mu. Har yanzu ana cewa a rufa asiri, kada a ji mu a garin mutane, kada yarinya ta rasa miji. Asirin wa ake rufawa? Sulhu na rikicin bashi ne da rumfar kasuwa, wannan kuwa laifi ne da ya fi ƙarfin zauren mai unguwa. A fara kai yarinya asibiti, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Cibiyar Mirabel da aka buɗe a Ikeja a 2013 kyauta take dubawa. Daga nan sai wurin 'yan sanda, dattawa kuma su raka iyayen.

Allah Ya kare mana zuriya, amin.