Fadar Damagaram: Gidan Shari'a Mai Daɗaɗɗen Tarihi

Tsakanin Mirriya da Zinder tafiyar kilomita 18 ce. Wanda ya shiga motar haya a Mirriya da hantsi, ya bi kwaltar da ta taso daga Diffa da Gure ta nufi yamma, kafin rabin awa zai fara hango manyan duwatsun Birni. Inda mota ta sauke shi sai ya hau kabu-kabu ya ce a kai shi ƙofar fada, kuma babu ɗan kabu-kabun da zai nemi kwatance. A da tafiya ce ta rabin yini, a ƙasa ko bisa jaki, masu yin ta kuwa wani ƙara ya kawo, wani dogari ne ya tasa ƙeyarsa. Dalili shi ne, fadar Sarkin Damagaram, ban da zamanta mazaunin sarki, ita ce gidan shari'a mafi girma a ƙasar.

Sarautar Damagaram ta kafu a ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Barno. Sarki Sulaiman ne ya mai da hedikwata Zinder a farkon ƙarni na 19, ginin fadar da ake gani yau kuwa ana danganta shi da wajejen 1850. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi kimanin shekara talatin bisa gado ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da garu, ya sa maƙera suka zuba masa igwa, ya faɗaɗa ƙasa. A wannan ƙarni ne Mirriya, wadda take ɗaya daga cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki tare da Dungas da Washa, ta koma ƙarƙashin Zinder. Tun daga nan hanyar da ta haɗa garuruwan biyu ta zama ta masu kai haraji da masu neman hakki.

Shari'a a Damagaram hawa-hawa ce. Ƙaramar rigima mai unguwa ko mai gari ke kashe ta. Maganar aure da saki da gado da bashi ta alƙali ce, wanda ke hukunci da fiƙihun Malikiyya, yana neman shaidu daga mai ƙara da rantsuwa daga wanda ya musa. Abin da ya shafi rai ko tawaye kuwa sai gaban sarki. Mai ƙara yakan tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya faɗi kukansa a gaban fadawa da dogarai.

Wannan shari'a tana da kaifi, kuma tarihi bai ɓoye ba. James Richardson, wani Bature ɗan Ingila da ya sauka Zinder a Janairun 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta labarin wani itace da ake yanke wa mutane hukuncin kisa a gindinsa, da yadda ake barin gawarwaki ga kuraye. Ya kuma ce akan kama talakawa a sayar don a biya bashin fatake. Richardson mai yaƙi da cinikin bayi ne, baƙo ne kuma da bai daɗe a garin ba, saboda haka maganarsa tana son awo. Duk da haka ta isa ta nuna cewa hannun da ke riƙe da shari'a shi ne ke riƙe da takobi, ba kuma wanda zai ce masa don me.

Takobin ya suɓuce a ƙarshen ƙarni. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. A Yulin 1899 sojan Faransa suka ci nasara a Tirmini suka shiga Birni, suka kafa bariki a kan duwatsu, inda suke hango fada daga sama. Dokar Faransa ta 1903 ta tsara kotunan ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma, ta sa manyan laifuka a hannun kumandan. Wata dokar ma ta ba shi ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da an zauna shari'a ba, ba a kuwa soke ta ba sai a 1946.

A 1906 reshe ya juye da mujiya. Aka tuhumi Sarki Amadu ɗan Bassa da ƙulla makircin tawaye tare da wasu manyan gari, cikinsu har da attajirin nan Malam Yaro. Mai yanke hukunci ya zama wanda ake yanke wa, aka tuɓe shi aka kai shi Kodibuwa. Faransawa suka danƙa riƙon ƙasa ga Ballama, wani bawan fada, sai a 1923 suka mayar da sarauta gidanta da naɗin Barma Mustafa. A 1926 kuma hedikwatar Nijar, wadda take Zinder tun 1911, ta koma Yamai.

Abin lura shi ne fada ta rasa ikon kisa da na ɗauri, amma jama'a ba su daina zuwa ba. Bayan samun ƴancin kai a 1960, dokokin Nijar sun bar wa al'ada gurbi a sha'anin aure da gado da gona, sun kuma ba sarakuna ikon yin sulhu. In masu rigima sun daidaita, sai a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu. In abin ya gagara, sai a wuce kotun gwamnati, inda mai shari'a ke zama da masana al'ada. Zinder ma tana da kotun ɗaukaka ƙara. Manomin da dabbobi suka yi wa ɓarna, da ƴan'uwan da suka saɓa kan iyakar gona, sau da yawa sun fi son a fara daga zauren sarki, domin a can da harshensu za a yi magana, kuma gobe ma maƙwabtan juna ne.

A 2006 Nijar ta gabatar wa UNESCO unguwar Birni da fadarta cikin wuraren da take neman a sa a jerin kayan tarihin duniya. Malamin da zai kai ɗalibai, ko ƙungiyar da za ta kai ziyara, ya kamata su nemi izini tun da wuri, su yi shiga ta mutunci, su tambaya kafin su ɗauki hoto. Su sani kuma cewa mutanen da za su tarar zaune a inuwar ƙofa, wata da goyo, wani da takarda a naɗe cikin aljihu, jiran a saurare su suke yi. Yaron da aka nuna wa zanen bango kaɗai ya ga gini. Wanda aka zaunar aka ba shi labarin Ibrahim da na Amadu ɗan Bassa, sa'an nan ya ga yadda ake sasanta mutum biyu a yau, zai koma Mirriya da sanin yadda shari'a ta sauya a ƙasarsa cikin shekara ɗari da saba'in.