Kalma Kafin Jirgi: Sunayen Sassan Jirgin Dakon Jiragen Sama a Harshen Sinanci

Sinawa sun daɗe da mallakar sunan wannan jirgi kafin su mallaki jirgin kansa. Suna kiransa hangkong mujian, watau uwar jiragen yaƙi ta tafiyar sama. Daga Japan sunan ya shigo. Bayan da Japan ta ci Sin da yaƙi a 1895, ɗalibai Sinawa suka yi ta kwarara can neman ilmi, suka komo da kalmomin zamani masu yawa. Da yake Japanawa da haruffan Sinanci suke ƙera irin waɗannan kalmomi, sai Sinawa suka ɗauki rubutun, suka karanta shi da lafazinsu. Ta wannan hanya ce sunan ya bi daga baya. Japan ta sa jirginta Hosho aiki a 1922, alhali kuwa Sin sai a 2012 ta sami Liaoning, wanda asalinsa gangar jirgin Tarayyar Sobiyat ce da aka sayo daga Yukiren a 1998.

In muka duba sunayen sassan, za mu ga hanya biyu. Ta fari fassara ce tsantsa. Ginin da ke tsaye gefen dama, inda ake sarrafa jirgin, Turawan Ingila tsibiri suka ce da shi. Sinawa kuma suka ce jiandao, tsibirin jirgi. Ta biyu ita ce a kwatanta aikin abu: zulansuo, igiyar tarewa, wadda ƙugiyar jirgin sama ke kamawa in ya sauka, huayue, sulɓi da tsalle, ga goshin nan mai tudu na Liaoning da Shandong, tansheqi, na'urar harbawa, wadda Fujian, da aka sa ruwa a 2022, ke da ita mai aiki da lantarki.

Mafi ban sha'awa shi ne jiku, ɗakin ajiye jiragen sama. Harafin ku hoton keke ne ƙarƙashin rufi, domin a zamanin da ma'ajin kekunan yaƙi yake nufi.

Abin lura shi ne, duk cikin waɗannan babu wadda aka aro lafazinta daga Ingilishi. Ma'ana aka ara, aka tufatar da ita da tsofaffin saiwoyi, har matuƙi ya iya gane abu daga jin sunansa. Malaman da ke fama da ƙirƙiro kalmomin kimiyya sai su tuna, haka Bahaushe ya yi da kalmar jirgi: daga ruwa ya hau da ita ƙasa, sa'an nan ya kai ta sama.