Zanen Bango da Noma a Kudancin Katsina

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, zanen bango reshe ne na sana'ar gini, kuma magini manomi ne kamar kowa. Da damina yana gona, wajen dawa da masara da auduga. Sai an kawar da amfanin gona, kaka ta wuce, sannan ya koma ga tubali, domin ginin ƙasa ba ya yiwuwa cikin ruwa.

Kayan aikin duk daga karkara suke fitowa. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba ta shafe, a haɗa katsin marina a yi laso. Farar ƙasa, wadda Ƙanƙara ta yi suna da ita, da ita ake shafe bangon ɗaki. Magini kan fitar da zanen da hannu tun yaɓen yana ɗanye, galibi a ƙofar zaure: dagi, takobi, allo. Mata kuwa su ke da daɓe da shafen ɗakin amarya.

Sana'ar gado ce, ƙarƙashin Sarkin Magina. Fitaccen gwaninta shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A ƙarni na 20 siminti da fenti da kwanon rufi suka shigo, hotunan keke da mota suka hau bango, zanen laka ya ja baya.