Matuƙin Da Ya Tafi Yaƙi Ba Bindiga

Na fara sanin Antoine de Saint-Exupéry ne a matsayin marubuci, mai ɗan littafin nan Le Petit Prince da ake karanta wa yara. Daga baya na gano cewa wata goma sha biyar bayan fitowar littafin, mai shi ya tashi da jirgin soja, bai kuma dawo ba. Tun daga ranar tambaya ɗaya take ci mini tuwo a ƙwarya: me ya fitar da mutumin da yake da kowane irin uzuri na zama a gida?

An haife shi a birnin Lyon na Faransa a 1900. Ya koyi tuƙin jirgi yana aikin soja a 1921, sannan a 1926 ya shiga kamfanin da ke jigilar wasiƙu daga Toulouse zuwa Dakar. A ƙarshen 1935 jirginsa ya faɗi a hamadar Masar, shi da makanikinsa. Ƙishirwa ta kusa gamawa da su, sai a rana ta huɗu wani Balaraben ƙauye a kan raƙumi ya tsince su.

Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, yana cikin rundunar jiragen leƙen asiri, har ya yi shawagi a kan garin Arras ana yi masa ruwan wuta. Bayan faɗuwar ƙasar ya tafi New York, inda ya sami suna da kwanciyar hankali. A nan, a ganina, tarihinsa ya kai mararraba. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ya haura shekara arba'in, ya wuce shekarun da doka ta yarda a tuƙa jirgi mai gudu irin Lightning. Tsofaffin raunuka sun sa ba ya iya juya wuyansa hagu, ko kayan tuƙi sai an taya shi sanyawa. Da ya zauna yana rubutu, babu mai zarginsa. Amma a 1943 ya koma Arewacin Afirka, ya yi ta roƙon manyan hafsoshi har suka ba shi dama. Da ya lalata jirgi wajen sauka aka dakatar da shi wata takwas, ya sake naci har aka mayar da shi.

A fahimtata, ba son yaƙi ne ya ja shi ba. Yana ganin ba shi da bakin yin magana da sunan mutanen Faransa muddin suna cikin wuta shi yana inuwa. Jirgin da ya tuƙa ma ba ya ɗauke da bindiga ko ɗaya, na'urorin ɗaukar hoto kawai ke cikinsa.

Ranar 31 ga Yuli, 1944, ya tashi daga tsibirin Kosika don ɗauko hotunan kudu maso gabashin Faransa, ana shirin saukar sojojin ƙawance a can. Sun sauka ranar 15 ga Agusta, shi kuwa bai ga ranar ba. Shekara 54 teku tana riƙe da sirrinsa, sai a 1998 wani masunci a kusa da Marseille ya jawo abin hannu na azurfa a cikin komarsa, ɗauke da sunansa da na matarsa Consuelo. A 2000 aka gano tarkacen jirgi a gefen tsibirin Riou, a 2004 aka tabbatar nasa ne.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, ba a auna sadaukarwa da yawan maƙiyan da mutum ya kashe. Ana auna ta da ƙofofin tsira da aka buɗe masa, ya gan su sarai, ya ƙi shiga.