Ma'aunin Ingancin Juyin Wasannin Bidiyo: Nazarin Pac-Man a Na'urar Atari 2600

Tsakure

Maƙalar ta auna juyin Pac-Man na 1982 da takwarorinsa biyu, ta nuna cewa ba a yi wa juyi hukunci sai an duba abin da mai shi ya yi da gejin da aka ba shi.

Gabatarwa da Bita

Namco ya fitar da Pac-Man a Japan a 1980 a injunan wasa masu cin kwandala. A 1982 Atari ya kawo shi na'urar gida ta 2600, da hannun Tod Frye. An sayar da miliyoyin kaset, amma ya sha suka. Yawancin masu sukar sun tsaya ga kamanni: launi ya sauya, ɗigo ya zama layi, ƙofar tsira ta bar gefe ta koma sama da ƙasa. Montfort da Bogost, a littafinsu Racing the Beam na 2009, sun karkatar da hankali ga na'urar: ma'ajiyar aikinta bayit 128 ce, kuma manyan siffofi biyu kacal take zanawa a layi guda. Hujjarsu na da ƙarfi, sai dai masu bin sawunsu kan zarce su ɗora wa na'ura dukkan laifi. A nan muka raba gari.

Hanyar Bincike

An buga na asali a manhajar MAME, juye-juyen kuma a Stella, ana tsayar da hoto ɗaya bayan ɗaya.

Sakamako

Babban abin da ya fito shi ne ƙiftawar dodanni. Wasan na buƙatar siffofi biyar: Pac-Man da dodanni huɗu. Frye ya ware wa Pac-Man siffa ɗaya, dodannin suka yi karɓa-karɓa da ɗayar. Talabijin ɗin Amurka na wancan lokaci kan zana allo sau 60 a daƙiƙa, don haka kowane dodo sau 15 yake bayyana, ko da yana can shi kaɗai a kusurwa. Idan aka tsayar da hoto, dodo ɗaya tak ake gani, sauran ukun babu su.

Juyin Ms. Pac-Man na 1983 ya rage wannan matsala, amma da kaset mai kilobayit 8, ninkin na Frye. Saboda haka shaidarsa ba ta isa ba. Shaidar da ta isa ita ce Pac-Man 4K, ƙirar gida ta Dennis Debro. A kilobayit 4 ɗin da aka ba Frye, ya dawo da baƙin allo, shuɗin lunguna, 'ya'yan itace, da ƙofar gefe. Ashe wani kason aibin na 1982 zaɓi ne, kamar nacewa kan tsarin 'yan wasa biyu da ya cinye wani ɓangare na ma'ajiyar aikin na'urar.

Wannan ma'auni bai shafi irin wasan Galagon na Champ Games ba, domin kaset ɗinsa na ɗauke da ƙwaƙwalwar ARM ta zamani. Gwada shi da aikin Frye rashin adalci ne.

Iyaka

Ba a musun cewa Debro ya yi aiki ba wa'adin kamfani, da manhajojin gwaji da ilmin shekaru masu yawa. Allon zamani kuma kan tsananta ƙiftawar da tsohon talabijin ke lulluɓewa. Wannan na sassauta wa Frye, amma bai rushe sakamakon ba.

Kammalawa

Mai sharhi ya fara bayyana girman kaset, da ko an ƙara masa ƙwaƙwalwa, da halin da aka yi aikin, kafin ya yanke hukunci.