Labarin Manuwa Agamemnon da Wayar Ƙarƙashin Teku

A shekarar 1851 wani Bature matafiyi, Dr. Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Kusada a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano. Takardun da ya ke aikawa gida sai sun ƙetare hamada a kan raƙuma, su yi watanni kafin su isa. Har an taɓa baza labari a Turai cewa ya mutu, alhali kuwa yana nan da ransa. To, a wannan zamani ne Ingilishi suka ƙera jirgin da za mu ba ku labarinsa.

Sunansa Agamemnon, manuwa ne, watau jirgin ruwa na yaƙi. An saka shi a ruwa a Woolwich a 1852. Jikinsa katako ne, yana da filafilai irin na jiragen dā, ga kuma injin tururi, ga igwa 91. A 1854 ya shiga yaƙin Kirimiya, ya matsa kusa da ganuwar Sebastopol yana zuba wa Rashawa wuta. Jarumtaka ce, amma mu a ganinmu da nan ya tsaya da tuni an manta da shi.

A 1857 aka sauke igwoginsa, aka ɗora masa waya ta jan ƙarfe wadda aka naɗe da wani irin danƙo don kada ruwa ya taɓa ta. Nufinsu a shimfiɗa ta a ƙarƙashin teku daga Ailan zuwa Newfoundland, wajen mil 2,000. Ku auna da tafiyar Kano zuwa Katsina ta Kankiya, ku riɓa ta kamar sau 20. Jirgi ɗaya ba ya iya ɗaukarta, sai aka raba ta biyu, Amurka ta ba da jirginta Niagara ya ɗauki rabi. A wannan shekara waya ta tsinke, suka komo ba nasara.

Da shekara ta kewayo suka sāke fita. Hadari ya taso musu fiye da mako guda. Nauyin waya ya sa Agamemnon ya yi ta tangaɗi, gawayin inji ya ɓalle ya raunata ma'aikata, waya ta cukurkuɗe, saura kaɗan jirgin ya nutse. Da suka tsira suka fara aiki, ta tsinke sau uku. Wanda igiyar gugarsa ta taɓa tsinkewa a rijiya ya san takaicin, sai dai wannan rijiya zurfinta ya fi mil biyu, ba kuwa mai shiga ya ciro.

Ran 29 ga Yuli 1858 jiragen biyu suka gamu a tsakiyar teku, aka ɗaura bakin waya da baki, kowa ya juya baya yana saki a hankali. Ran 5 ga Agusta Agamemnon ya isa Valentia. Sarauniya Biktoriya ta aika wa shugaban Amurka Buchanan gaisuwa, kalmomi 98, suka ɗauki wajen sa'a 16 kafin su ƙetare. A Katsina kuwa zamanin Sarki Muhammadu Bello ne.

Murna ba ta daɗe ba, bayan mako uku waya ta mutu. Sai a 1866 babban jirgi Great Eastern ya shimfiɗa wadda ta ɗore, a 1886 kuma irin wannan waya ta iso Ikko. Shi Agamemnon bai kai wannan lokaci ba, tun 1870 aka sayar da shi aka farfasa katakonsa.