Yaƙini da Karsashi a Jawabin Masana: Nazari a kan Hatsarin Kumbon Challenger

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da ke sa masani ya san gaskiyar al'amari amma ya kasa gamsar da masu yanke hukunci. An ɗora nazarin a kan jawabai biyu da aka yi dangane da hatsarin kumbon Challenger na Amurka a 1986. Sakamakon ya nuna cewa yaƙinin mai magana ba ya isa ga masu sauraro sai ya tsara hujja yadda za su gan ta da idonsu, kuma ƙarfin furucinsa ya yi daidai da ƙarfin hujjar.

Gabatarwa

Injiniya ko likita kan tsaya gaban mutanen da ba su kai shi sani ba, alhali hukunci a hannunsu yake. A nan abu biyu ke aiki. Akwai yaƙini, wato tabbacin da masani yake da shi a ransa saboda ilimi da gogewa. Akwai kuma karsashi, wanda ake ji a murya, ake gani a tsayuwa. Masu sauraro karsashi suke fara gani, da shi suke auna yaƙini, ko da ma'aunin ya yaudare su.

Zurfin ilimi kansa kan zama cikas. A 1990 Elizabeth Newton ta Jami'ar Stanford ta sa wasu mutane su ƙwanƙwasa karin sanannun waƙoƙi a kan tebur, wasu kuma su canki waƙar. Masu ƙwanƙwasar sun zaci za a gane rabi, amma uku kacal aka canka cikin 120. Wanda ya san abu yakan manta yadda rashin saninsa yake, sai ya ɗauka abin da ya bayyana gare shi ya bayyana ga kowa.

Jawabi na farko: daren 27 ga Janairu 1986

Ana gobe za a harba kumbon, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, masu ƙera rokokinsa, sun yi taro ta wayar tarho da jami'an hukumar NASA. Damuwarsu zobban roba ne da ke toshe mahaɗar sassan roka don kada iskar gas mai zafi ta fita. Sanyi yana sandarar da robar. Suka ba da shawarar kada a harba in zafin zobban bai kai digiri 12 na Salshiyas ba, domin shi ne mafi ƙanƙanta da aka taɓa harbawa a kansa, a Janairun 1985.

Yaƙini kam akwai shi. Ɗaya daga cikin injiniyoyin, Roger Boisjoly, ya riga ya rubuta wa shugabanninsa gargaɗi tun Yulin 1985. Matsalar tana wurin gabatarwa. Jami'an NASA sun kawo hujjar cewa gas ya taɓa tsallake zobe a wata tafiya da aka yi a kan digiri 24, saboda haka ba lallai sanyi ne musabbabi ba. Da aka nemi Boisjoly ya fayyace girman haɗarin da alƙaluma, ya ce ba shi da su. Shugabannin kamfanin suka keɓe, suka janye shawarar. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka rasu.

Masani Edward Tufte, a littafinsa na 1997, ya nazarci takardu 13 da injiniyoyin suka aika a daren. Ya nuna babu ko ɗaya da ta jera tafiye-tafiyen baya bisa yanayin zafi tare da ɓarnar da aka gani a kowace. Wasu masana sun ce ya tsananta wa injiniyoyin, ganin ƙurewar lokaci da matsin da suke ciki, amma giɓin da ya nuna yana nan.

Jawabi na biyu: zaman 11 ga Fabrairu 1986

A zaman kwamitin Rogers mai binciken hatsarin, wanda aka nuna a talabijin, masanin kimiyyar lissafi Richard Feynman ya matse guntun robar, ya tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, ya sake shi. Robar ba ta koma siffarta nan take ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi da'awar ya warware komai ba. Cewa ya yi yana ganin abin yana da alaƙa da matsalar. Gani ya kori ji.

Tattaunawa da kammalawa

Boisjoly ya fi Feynman sanin zobban nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne na farko ya nemi a yarda da fahimtarsa, na biyu kuwa ya miƙa wa jama'a abin da za su yi hukunci da shi da kansu. Dole a lura cewa Feynman ya yi magana bayan aukuwar hatsarin, a gaban masu neman dalili, Boisjoly kuwa a gaban masu gaggawar harbawa. Duk da haka darasin horar da masana a fili yake: gyaran murya da tsayuwa ba ya wadatarwa. Ana bukatar masani ya ware hujja guda mafi ƙarfi, ya hango sukar da za a yi mata, ya faɗi iyakar abin da alƙalumansa suka tabbatar, sannan ya bayyana ƙarara abin da zai biyo baya in aka ƙi shawararsa.